Abin da Aka Liƙa da Dalma

Kawu,

Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga ubanta, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Na san za ka juya ambulan ɗin kana neman mai shi. Ni ce babbar 'yar Umma, wadda take ɓuya a bayan labule duk ran da ka zo. Umma ta ce kai ka laƙaba min Shiru-shiru, to har yau sunan bai sake ni ba. Ba ni da waya, ta Abba kuma kullum tana aljihunsa, in ma an miƙo min ita ba na iya magana. A takarda ne kawai nake da baki. Direban da ke zuwa garinku duk Laraba maƙwabcinmu ne, shi zai kawo maka.

Abba lafiya, Auta ma lafiya, ta shiga shekara ta uku, ba abin da ya fi ƙarfin hannunta a ɗakin nan. Umma ce dai jikin da sauƙi, kamar yadda ta ce in rubuta. Amma ni zan gaya maka gaskiya. Dushewar muryar nan ba mura ba ce. Likita ya ce wani abu ne ya tsiro a maƙogwaro, za a yi mata aiki nan da wata ɗaya da rabi, kuma inda murya ke fitowa za a cire. Abba ya faɗa min a tsakar gida yana kallon igiyar shanya.

Abin da ya sa na dame ka, makaranta sun ce bana kowa sai da laftof saboda jarrabawa. Abba ya kai ni shagon wani mai sayar da na hannu, muka tarar da biyu da za mu iya. Ɗaya baƙa ce mai kauri, in an kunna ta fankarta na huci kamar ta hau tudu. Ɗayar siririya ce ruwan azurfa, ba ta fi mujalla nauyi ba. Irinta nake gani a raina in ina karanta littattafan nan da Abba ba ya so, inda yarinya ke zama bakin taga tana rubutu ana yayyafi. Kada ka yi min dariya.

Mai shagon ya ce ta farkon ana ƙara mata memori, ta biyun kuma nata a liƙe yake. Na ji kunyar tambayarsa me hakan ke nufi. Abba ya ce shi abin da ya sani ɗinki ne, a tambayi Kawu, shi ya shekara ashirin yana farke cikin kwamfuta. Don Allah wacce zan ɗauka?

'Yarka,
Shiru-shiru

*

Shiru-shiru mai dogon zance,

Na amsa gaisuwarki. Muna lafiya, Antinki ta karanta takardar har sau biyu, ta ce ashe labulen nan marubuciya ya ɓoye mana. Maganar Ummanki ta tsaya min a rai. Tare muka tashi a gidan kakanmu, ita ce mai bakin gidan, ba a gama faɗa ba ta sa baki ba. Allah ya sa a yi aikin a sa'a. Ki ce mata ina nan tafe in aiki ya sassauta.

Yanzu ga karatu. Abu biyu ne mutane suke haɗawa su ce memori. Na farko ram. Shi kamar faɗin teburin karatunki ne, in yana da faɗi ki baza littafi biyar, in ƙarami ne sai kin rufe wani kafin ki buɗe wani. Da an kashe kwamfuta an share teburin. Na biyu ma'ajiya, ita ce akwatin da hotuna da rubutu da komai naki ke kwana.

A mai kaurin, duk biyun cusa su aka yi a raminsu kamar layin waya. A kwance noti huɗu, a zare, a sa wanda ya fi girma. Illarta kin ganta da idonki: nauyi, hucin fanka, batir ba ya jimawa. Wani lokaci ƙura ko jijjigar hanya kan sa ram ya ɗan saki, ta ƙi tashi sai an goge an mayar.

A siririyar kuwa, dalma aka narka aka liƙa su a jikin allon ciki, wanda mu muke kira fanel. Shi ya sa ta sirance, ta yi shiru, batir ya daɗe, kuma ko a keke kika ɗaure ta ba abin da zai girgiza ya saki. Amma yadda aka ƙera ta haka za ta ƙare. Ita da abin da ke cikinta ba mai raba su har abada.

Ke za ki saɓa ta a kafaɗa, ke za ki zaɓa. Ina da sauran magana, amma wani ya tsaya min a kai da kwamfutar da ɗansa ya zuba wa shayi, direbanku kuma sai danna hon yake.

Kawunki

*

Kawu,

Gaisuwa da godiya. Ina fata gajiyar shago ba ta yi yawa ba. Mu muna nan, Umma tana cin abinci kaɗan-kaɗan, mai ruwa-ruwa. Da na karanta mata inda ka ce ita ce mai bakin gidan ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce in gaya maka har yanzu ba ta manta wanda ya fasa tulun kaka ya ɗora mata ba.

Siririyar na ɗauka. Layin nan naka ne ya yanke min shawara, har na ja masa layi da jan biro: ita da abin da ke cikinta ba mai raba su har abada. Kawu, ban san masu gyara ma suna magana irin ta littafi ba. Na ce a raina abin da ake zarewa da noti huɗu ai kowa ma zai iya zare shi, ko ya faɗi a hanya. Ni wanda ba ya rabuwa nake so.

Ba ta da laifi sai ɗaya. In na buɗe darasin makaranta da hotuna a lokaci guda takan ja ƙafa. Na koma wajen mai shagon, na daure na tambaya, ya ce teburinta ke nan, ba a faɗaɗa shi. Ban damu ba, ina rufe wani in buɗe wani.

Ga abin da nake so ka sani. Umma ta ga ana iya ɗaukar murya da ita, kuma tana fita tas, ba kamar ƙaramar wayarta ba da ko hoto uku ba ta riƙewa. Sai ta ce Auta ba za ta tuna yadda uwarta ke magana ba, don haka za ta ajiye mata. Kullum da safe in Abba ya fita, lokacin muryar ta fi buɗewa, sai in ɗora laftof ɗin a kan filo kusa da bakinta in danna. Ta kira sunan Auta iri-iri yadda take kiranta. Ta ba da labarin ranar da aka haife ta. Ta yi 'yar waƙar da ta ƙirƙira mata ta wanka. Jiya faɗa ta yi, faɗa sosai, ba kowa a gabanta sai bango. Da na tambaye ta sai ta ce kada yarinya ta tashi tana zaton uwarta ba ta iya faɗa ba.

Mun yi goma sha ɗaya. Takan gaji, wani lokaci sai ta huta tsakanin kalma da kalma. Duk suna wuri ɗaya a cikin ma'ajiyar, na sa musu lamba. Hankalina a kwance yake tunda ka ce a liƙe take. Saura kwana goma sha biyu aikin.

'Yarka

*

'Yata,

Lafiya muke. Ki gaida Ummanki. Ki ajiye komai ki karanta wannan da kyau.

Ba yabo na yi ba, gargaɗi ne, ni ne ban iya faɗarsa ba. Da na ce ba mai raba su, nufina in fanel ya mutu da abin cikinsa yake tafiya. A mai kauri, ko ta ƙone zan zare ma'ajiyar in sa a wata, cikin minti biyar ki ji kayanki. A taki ba abin zarewa. Liƙi yana hana abu saki, ba ya hana shi ƙonewa.

Ba na cewa kin yi mugun zaɓi. Don makaranta ta isa, kuma kafaɗarki za ta gode miki. Amma abin da ba a iya sake yi ba a ajiye shi wuri ɗaya, ko wace irin kwamfuta ce. Ga filash na sa a cikin ambulan, na naɗe shi da takarda. Yau ɗin nan ki cusa shi a gefe, ki kwafe duk muryoyin, ki ba Abbanki ya ajiye. Kowace safiya in kun gama, ki ƙara. Kuma kada ki bar ta a caji in an ɗauke wuta.

Na kira Abbanki sau biyu. Na farko bai ɗauka ba, na biyu yana layin karɓar sakamako a asibiti, ya ce to, to. Ban tabbata ya ji ni ba.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun.

An yi wa Umma aiki, an sallamo ta kwana shida da suka wuce. Likita ya ce an dace. Tana numfashi ta wani ɗan rami a ƙasan wuya, muna rufe shi da ƙyalle mai tsabta. Ba ta da murya, ko ta nishi. Abba ya sayo mata littafin rubutu da biro, an ɗaura biron da zare a ƙarfen gado saboda Auta.

Takardarka jiya ta zo. Direban ya ce ta shige ƙarƙashin kujera, sai da ya kai mota wanki aka gani. Sati huɗu tana yawo tsakanin garinmu da naku. Ya ba ni haƙuri, na ce ba komai. Da na nuna wa Abba, sai ya dafa kai ya ce ya tuna ka kira ka ce wani abu filash, ya ɗauka fitilar waya kake nufi.

Kawu, laftof ɗin ta mutu ranar Asabar, kwana huɗu kafin takardar ta iso. Da rana ne, na bar ta a caji na tafi wanke kwanuka. Aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, ƙwan falo ya fashe. Da na shigo cajar tana wari kamar an ƙona roba. Na danna, na danna, ko ƙyaftawa. Na kai wa mai gyaran bakin kasuwa, ya buɗe, ya leƙa, ya rufe. Ya ce fanel ne. Na ce to a ciro min abin cikin kawai, ba na son kwamfutar. Ya tambaye ni ta ina, ya nuna min wani ɗan baƙin abu kamar farce a manne, ya ce ga shi nan, ɗauki.

Ashirin da uku muka yi. Na ƙarshen da safiyar da za a tafi asibiti ne, muryar kamar ana jan takarda a ƙasa.

Filash ɗinka yana hannuna, ba abin da zan sa masa.

Umma ba ta sani ba. Shekaranjiya ta rubuta min: "Kunna min in ji kaina." Na ce batir ya ƙare. Jiya ta sake nuna min layin da yatsa, ba ta ma sake rubutawa ba. Na ce cajar ce ta lalace, Kawu zai aiko da wata. Ta gyaɗa kai ta yi murmushi. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai a kan littattafan da nake ɓoyewa.

Ga laftof ɗin nan na naɗe ta da tawul biyu. Na roƙi direban ya riƙe ta a gaba, ya miƙa maka hannu da hannu. Abba ya ce in akwai wanda zai iya a duniya kai ne. Don Allah, Kawu, ko guda ɗaya. Ko inda take kiran sunan Auta.

'Yarka

*

'Yata,

Na gode wa Allah da aikin Ummanki ya yi kyau. Mu lafiya. Na san kin ƙirga Laraba biyu ba ki ji daga gare ni ba. Ban so in rubuta ba sai na ƙure iyawata.

Na rufe shago kwana uku a kanta. Wutar ta bi ta ramin caji ta cinye sashen da ke raba wuta. Na canza duk abin da ya ƙone a nan, na yi zaton za ta tashi ko na minti goma ne, mu kwashe. Ba ta tashi ba, wutar ta wuce ciki. Sai na ɗauke ta na kai wa wani tsohon maigidana da ya koya min aiki, yana da injin da ba ni da shi. Muka hura zafi muka ɗaga ɗan baƙin abin nan daga fanel, bai fashe ba. Muka ɗora shi a na'urar karantawa, ya amsa. Na ɗauka an gama.

Abin da ya fito ba ya karantuwa. Irin waɗannan sukan kulle abin da aka ajiye, don ko ɓarawo ya sace kada ya ga sirrin mutum, makullin kuma yana cikin wani guntun dabam a kan fanel ɗin. Wannan guntun ya ƙone har ya tsage. Muryar tana nan a ciki, na riƙe ta a tafin hannuna, amma ba ni ba, ba maigidana ba, ba wanda ya ƙera ta ba, babu mai buɗewa. Ba zan ce miki wataƙila ba, don babu wataƙila.

Kada ki ɗauki laifin ke kaɗai. Shekara ashirin ina gaya wa baƙi su kwafe kayansu wuri biyu, da 'yata ta tambaye ni sai na tsaya gyara zance, na bar layi ɗaya da ya fi komai saboda ana min hon.

Na haɗa miki wata mai kauri daga kayan shago, mummuna ce amma komai nata yana zaruwa, jarrabawa ba za ta jira ba. Maganar Ummanki kuma, in kina so ni zan zo in faɗa mata da bakina. Ki gaya min kawai. Amma kada a ƙara mata wani satin tana jiran caja.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Anti. Ka gode wa maigidanka a madadina. Kwamfutar ta iso, tana aiki. Umma ciwon yana warkewa, ta fara zama a kujera a tsakar gida.

Ba sai ka zo don wannan ba, na faɗa mata. Ranar da takardarka ta zo, da Abba ya fita, na durƙusa gaban gadon na karanta mata ita tun daga farko, don na san in da bakina ne ba zan kai ƙarshe ba. Na haɗa da maganar batir da caja, na ce ƙarya na yi. Ta daɗe tana kallona. Bakinta ya buɗe yadda yake buɗewa in za ta yi faɗa, sai iska kawai ta fito ta ƙyallen wuyan. Ta juya ta fuskanci bango. Kwana biyu ba ta rubuta min ko harafi ba, in tana son ruwa Abba take nuna wa kofi.

A rana ta uku ta ja ni da zaren biron nan har bakin gado. Ta ɗora Auta a cinya, ta rubuta: "Ke kina wurin. Faɗa mata."

Na fara da labarin haihuwar. Umma ta ɗauki cokali, duk inda na kauce sai ta buga ƙarfen gado. Na ce da yamma ne, ta buga. Na ce Abba ne ya fara ɗaukarta, ta buga. Auta ta ɗauka wasa ne, tana ta dariya tana neman ƙwace cokalin.

Akwai abin da ban gaya maka ba, Kawu. Duk safiyoyin nan, in na danna mata sai in koma ƙarshen gado in buɗe littafina a ƙarƙashin mayafi. Ba na iya kallonta tana fama da kalmomi, kuma na ce ai ana ajiyewa, zan saurara daga baya in na samu ƙarfin zuciya. Cikin ashirin da uku, biyar na iya kawowa, su ma da ramuka. Amma zan iya gaya maka kalar rigar da jarumar littafin ta sa ranar da aka zo neman aurenta.

Da muka zo na shida na yi shiru. Ta buga. Ta sake bugawa. Sai ta ajiye cokalin ta rubuta: "Ina kike lokacin?"

Na ce, "Ina karatu, Umma."

Ba ta tambaye ni wane karatu ba. Ta sauke Auta, ta rufe ido, na zaci shi ke nan. Har na kai ƙofa na ji cokali. Ta rubuta cewa hannunta ba zai iya rubuta su duka ba, kuma ba a rubuce take so yarinyar ta same su ba. Gobe da safe za ta faɗe su da leɓe, ni in kalli bakinta in fitar da sauti, Auta ta ji.

Mun gwada layi ɗaya kafin Abba ya dawo. Sau tara ta maimaita kafin na gane sunan Auta kawai take kira. Saura goma sha takwas. Ka yi min addu'a in iya kallon fuskarta har ta gama ban sunkuyar da kai ba.

'Yarka